Kwakwa Ta Shiga Tukunya

Iyayenmu mata na Kiyako da Babaldu da cikin garin Birnin Kudu, da na Sara da Gwaram har zuwa Basirka, sannunku da aiki, sannunku da hayaƙi. Yau a kan kwakwa za mu tattauna. Ba kwakwar manja ba, kwakwar nan mai ƙoƙo da farin nama da ruwa a ciki, wadda mai baro yake turowa tare da dabino da aya.

Babu wanda bai san ta ba. Ana fasa ta a yanka ƙanana a zuba a roba cikin ruwa, yaro ya miƙa kuɗinsa ya ɗauki ɓari ɗaya yana tafe yana gurgura. Ana goge ta a soya da sukari a yi kwakumeti. Idan azumi ya zo kuwa kasuwarta ta buɗe, domin kunun aya ba ya cika sai da ita da dabino. A nan dai muka tsaya da ita. Kayan ƙwalama ce a wurinmu, abin taɓa ka lashe. Uwar gida za ta sa manja a miya, ta sa man gyaɗa, ta sa man shanu, amma da wuya ta tuna cewa wannan farin naman shi ma mai ne a cikinsa, mai kuwa mai yawa, wanda zai iya riƙe tukunya guda ba tare da an ɗiga wani man ba.

Akwai ƙasar da wannan shi ne girkinsu na yau da gobe, wato Filifin, can gabashin duniya cikin teku. Ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,600, mutanenta sun haura miliyan 100. Bayan Indonesiya, ita da Indiya ne kan gaba wajen noman kwakwa a duniya. A shekara tana samar da kimanin tan miliyan 14 zuwa 15, kuma gonakin kwakwarta sun kai hekta miliyan uku da rabi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar nomanta ke nan. Tun 1973 suna da hukuma ta musamman mai kula da kwakwa.

Abin da ya sa na zaɓo su, na bar sauran ƙasashen da ke girki da kwakwa, shi ne kayan da suke zubawa a cikinta. Kabewa. Zogale, wanda yake a bayan gida a can kamar yadda yake a nan. Ganyen gwaza. Ɗanyar masara, dankali, ayaba, wake, busasshen kifi, citta, tafarnuwa, barkono. Duk wanda ya zaga fadamun Gwaram ko ya shiga kasuwar Sara zai cika buhu da waɗannan. Abu ɗaya ne kawai suke yi wanda ba mu saba ba, shi ne tatsar madara daga jikin kwakwa.

To bari mu fara daga wurin mai baro. Hajiya, idan za ki sayi kwakwar girki, ki ɗauke ta a hannu ki ji nauyinta, ki kai ta kusa da kunne ki girgiza. Idan kin ji ruwa yana kaɗawa sosai, lafiyarta ƙalau. Idan kin ji shiru, ko ruwan kaɗan ne, ajiye ta, ta daɗe a hanya ko ta tsage ruwan ya tsiyaye. Ki juya ta ki dubi idanun nan guda uku da ke kanta, kada ki ga laima ko furfurar ruɓa a wurin. Ki tuna tafiyar da ta yi. Daga bakin teku ta taso, daga yankin Badagiri na jihar Legas ko Akwa Ibom, wata ma daga Gana, ta kwana a mota ta sauka a Kano, daga can a sake lodinta ta Wudil zuwa nan. A irin wannan tafiya dole a samu wadda ta lalace.

A cikin idanun nan uku, ɗaya yana da taushi. Ki huda shi da tsinken ƙarfe mai tsabta, ki tsiyaye ruwan a kofi. Kada ki zubar. Wasu a ƙasar nan suna hana yara shan ruwan kwakwa wai yana dushe ƙwaƙwalwa. Wannan magana ba ta da tushe. A Filifin ruwan ɗanyar kwakwa abin sha ne na kowa, yaro da babba, ana sayar da shi a bakin titi. Idan ruwan ya yi tsami ko wari, shi ne alamar kwakwar ta ɓaci, sai a bar ta gaba ɗaya.

Daga nan ki riƙe ta a tafin hannu, ki riƙa bugun tsakiyarta da bayan adda kina juyawa, za ta rabe gida biyu. Matan Filifin ba sa ɓamɓare naman daga ƙoƙon. Suna da wata 'yar kujera ta katako, gajera, mai ɗan tsawo, an kafa wani ƙarfe mai haƙora a bakinta, faɗinsa bai wuce na cokali babba ba. Mace ta hau kujerar ta zauna, ta ajiye kwano a ƙasa, ta kifa rabin kwakwar a kan ƙarfen da hannu biyu, tana turawa tana juyawa, farin nama yana zubowa lallausa har sai ƙoƙo ya rage fayau. Suna kiran wannan kujera kudkuran. Na kawo siffarta dalla-dalla ne saboda maƙeranmu da kafintocinmu. Babu abin da zai gagari maƙerin Birnin Kudu a nan, guntun ƙarfe ne da zarto da ƙusa biyu. Kafin a samu wannan, abin gogar kuɓewa ya wadatar. Ki ɗan kara ɓarin kwakwar a bakin murhu, zafi zai sa naman ya saki ƙoƙon, ki ɓamɓare ki goga a gefen da ya fi laushi. Mai bilenda ta markaɗa. A kai inji ma ya yi, muddin an wanke shi daga barkono da ƙullun jiya.

Yanzu ga inda ilimin yake, ina so a saurara da kyau. Tatsa biyu ake yi, kuma ba a haɗa su.

Ki zuba gogaggiyar kwakwar a kwano, ki yayyafa mata ruwan ɗumi kaɗan, kamar rabin kofi ga kwakwa guda. Ki sa hannu ki murza, ki damƙa ki saki, har ki ga fari ya fito tsakanin yatsunki. Ki juye a ƙyallen tata mai tsabta ki matse iya ƙarfinki. Abin da ya fito mai kauri ne, fari fat, shi ne tatsar fari. Ki ajiye shi gefe ki rufe. Sai ki mayar da dusar cikin kwano, ki zuba ruwan ɗumi kofi biyu, ki sake murzawa ki tace. Wannan tsinkakke ne, shi ne tatsa ta biyu. Duk macen da ta taɓa yin kunun gyaɗa ko kunun aya ta riga ta iya wannan aiki, hannunta ya san shi. Bambancin kawai shi ne raba mai kaurin da tsinkakken.

Dalilin rabawar shi ne wuta. Tsinkakkiyar madara tana jure tafasa, da ita ake dafa nama da kabewa da duk abin da ke son lokaci. Mai kaurin kuwa idan ta sha wuta mai ƙarfi sai ta tsinke, mai ya taso sama, sauran ya yi gudaji-gudaji. Saboda haka sai girki ya kusa sauka ake zuba ta, a janye itace, a bar ta ta ɗan yi ɓararraka a hankali. Su madarar suna ce mata gata, duk abin da aka dafa da ita kuma ginata'an, ko kifi ne ko ganye ko kayan zaƙi.

Bari mu ɗora tukunya ɗaya tare, ta kabewa, domin ita ce ta fi kusa da mu. 'Yar'uwar miyar taushe ce, sai dai inda muke sa gyaɗa su kwakwa suke sawa. Ki yanka albasa, ki daka citta da tafarnuwa da attaruhu. Ki zuba tatsa ta biyu a tukunya tare da su, ki ɗora. Idan ta tafasa ki zuba busasshen kifin da kika gyara, ko tarwaɗa ko karfasa. Su a nan suna sa wani ɗanɗano da suke yi da ƙananan jatan lande da gishiri. Mu muna da daddawa, ta tsaya a gurbinsa. Ki fere kabewa ki yanka manya-manya, ki zuba. Ba so ake ta narke kamar a taushe ba, so ake cokali ya shiga cikinta da sauƙi amma tana nan da siffarta. Idan kina da ɗanyen wake na kwanso, wanda bai ƙosa ba, ki karya shi ki zuba bayan kabewar ta fara laushi. Sai ki rage wuta, ki kawo tatsar farin nan da kika ajiye ki juye, ki sa gishiri, ki watsa zogale tafi biyu a sama. Minti biyar ya isa. Za ki ga miyar ta yi kalar ƙwai, ta yi kauri, mai yana ƙyalli a gefen tukunya, alhali ba ki taɓa kwalbar mai ba. Su da shinkafa suke ci. A ganina da tuwon shinkafa ma ta fi dacewa, ko da waina. Mai son ɗan tsami ta sa yakuwa kaɗan a ƙarshe, a kan wuta marar ƙarfi, domin tsami da zafi idan sun haɗu suna tsinka madarar.

A yankin Bikol, kudu maso gabashin babban tsibirinsu na Luzon, mutane sun yi suna da kwakwa da yaji. Abincin da aka san su da shi ana ce masa la'ing, ganyen gwaza ne da aka shanya ya bushe, a dafa shi cikin madarar kwakwa da citta da barkono har ya shanye ruwan ya koma laushi. Mu a nan saiwar muke ci mu bar ganyen. Wadda za ta gwada, ta kiyaye abu guda: ganyen gwaza yana da wani sinadari mai kama da ƙananan allurai, shi ne yake sa ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro. Ba a cin sa ɗanye, ba a cin sa da rabin dahuwa. A shanya shi ya bushe sarai, a dafa shi kamar awa guda. Matan Bikol ba sa juya shi da farko, sai dai su danna shi cikin madarar da bayan ludayi su bar shi. Wadda ba ta natsu da shi ba ta yi da alayyafo.

Na san akwai mai tambaya a ransa, shin mutanen nan ba masu cin naman alade ba ne? Gaskiya ne, mafi yawan 'yan Filifin Kirista ne, kuma girke-girkensu da dama da shi ake yi, wannan ba namu ba ne. Amma a kudancin ƙasar, a Mindanawo da tsibiran Sulu, akwai 'yan'uwanmu Musulmi miliyoyi, kuma Musulunci ya riga Turawan Sifen isa can. Tarihinsu ya nuna wani malami, Shehu Karimul Makhdum, ya kafa masallaci a tsibirin Simunul a wajajen 1380. Tun 2019 suna da yankinsu mai cin gashin kai da ake kira Bangsamoro. Waɗannan mutane gwanaye ne a girkin kwakwa, kuma duk abin da ke tukunyarsu halal ne.

Ƙabilar Maranawo, waɗanda ke zaune a kewayen tafkin Lanawo da birnin Marawi, suna da wani haɗi da ba ya yankewa a gidajensu: wata irin ƙaramar albasa mai lawashi, da citta, da barkono, a daka su tare a soya. Da shi suke yin dahuwar kaza da suke kira piyaparan. Ana dafa kazar cikin madarar kwakwa da kurkum, sannan a soya gogaggiyar kwakwa da wancan haɗin, a juye kazar a ciki har kowace tsoka ta lulluɓe da ita, rawaya shar. Su kuma Tausug na Sulu, abin da suke yi ya fi ba ni mamaki. Sukan ɗora naman kwakwa a kan garwashi da gangan har ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, su daka shi ya yi laushi, su haɗa da citta da kurkum da tafarnuwa, su cuɗe naman sa ko na akuya da shi, su yi farfesu. Romon baƙi ne, ƙamshinsa na hayaƙi. Sunansa tiyula itum, kuma abincin girmamawa ne, na ranar biki da ranar Salla. Iyayena mata, Babbar Salla idan ta zo, nama ya yi yawa, an gaji da suya an gaji da farfesun kullum, ga wata hanya.

Ta ɓangaren zaƙi ma ba a bar su a baya ba. Suna dafa shinkafa mai danƙo da ɗanyar masara cikin madarar kwakwa da sukari, ta yi kamar kunu mai kauri. Suna yanka dankali da gwaza da ayaba su dafa haka nan. Na farkon da shinkafar tuwo da mazarƙwaila za a yi shi a Kiyako, ya zama abin buɗa baki. Idan kuma kika ɗora tatsar fari ita kaɗai a kasko, kika bar ta a kan wuta kaɗan kina juyawa, ruwan zai ƙone, mai ya fito garai-garai, wani ɗan gudaji ya kwanta a ƙasa yana soyuwa har ya yi ja. Gudajin suna barbaɗa shi a kan kayan zaƙi. Man kuwa shi ne man kwakwar da ake sayar mana a ƙananan kwalabe don gashi da fata, ga shi kin yi naki, kin san abin da ke ciki. Dusar da ta rage a soya da sukari yara su ci, ko a ba kaji. Ƙoƙon yana yin garwashi mai zafi da daɗewa.

Kada wannan yabo ya sa a ɗauka manomin kwakwa a Filifin yana cikin daula. Manoma fiye da miliyan biyu ne ke rayuwa a kanta, kuma suna cikin mafi talaucin manoman ƙasar. Yawancinsu busar da naman suke yi su sayar da araha ga masu matse mai, a fitar da man zuwa Amurka da Turai, ribar ta tsaya a hannun wasu. Kirarin da muke yi wa giginya, na nesa ka sha inuwarki, ya hau kan kwakwarsu daidai. Ga kuma guguwa. A watan Nuwamba na 2013 guguwar Haiyan ta karya ko ta lalata bishiyoyin kwakwa sama da miliyan 30. Doguwar kwakwa kuwa tana ɗaukar shekara shida zuwa goma kafin ta fara haihuwa sosai. Manomin gero idan damina ta ƙi, yana sa ran baɗi. Wanda bishiyarsa ta faɗi sai ya jira ɗansa na goye ya shiga makaranta.

Wannan ya kawo ni ga matasanmu da suke tambaya ko za a iya yin gonar kwakwa a nan. Shawarata ita ce kada a zuba jari a kai. Kwakwa tana son ruwan sama kamar milimita 1,500 zuwa sama, a rarrabe cikin shekara, da iska mai laima. Mu namu ruwan a 'yan watanni yake sauka, daga nan sai hunturu da bazara su busar da komai. Guda ɗaya a tsakar gida kusa da rijiya tana iya rayuwa, amma gona wani abu ne daban. Bishiyar da ƙasarmu ta karɓa ita ce dabino, ga tashar binciken dabino nan a Dutse, kusa da mu. Kwakwa a bar wa mutanen Badagiri, waɗanda suke da gonakinta tun 1876, lokacin da 'yan mishan na Katolika suka dasa a tsibirin Topo. Mu saya daga gare su, mu iya sarrafa ta.

Na kuma san ba araha gare ta ba. Ba cewa nake a bar manja da gyaɗa ba, gyaɗa tamu ce, a gonarmu take. Abin da nake so uwar gida ta auna shi ne, kwakwa gudan da yara za su cinye a tsaye kafin a ƙifta ido, ita ce za ta yi wa gida mai matsakaicin iyali miya, ta ba da abin sha, ta bar dusa da makamashi.

Sai maganar lafiya, kuma a nan ina roƙon a ba ni kunne. Ana yawo da saƙonni a WhatsApp da Facebook cewa man kwakwa yana maganin ciwon suga da hawan jini da kusan kowace cuta. Ba haka ba ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa irin kitsen nan ne mai daskarewa, shi ya sa yake sandarewa a kwalba da hunturu. A 2017 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yana ƙara nau'in kitsen da ke toshe hanyoyin jini. Mai lafiya, mai aikin ƙarfi a gona, ya ci miyarsa jefi-jefi babu damuwa. Amma Baba ko Inna da likita ya ce su rage maiƙo, wannan ma maiƙo ne, a sa musu kaɗan, kuma kada wanda yake shan maganin asibiti ya ajiye shi saboda man kwakwa. Haka nan yaron da yake gudawa, ruwan kwakwa ba ya maye gurbin haɗin gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti.

Masu jego, ku nake nufi da wannan. An kira ta madara ne saboda fari, amma ba nono ba ce. Ba ta da abin gina jiki da jariri yake buƙata. Jariri har ya cika wata shida nonon uwa kaɗai ake ba shi, bayan nan ma ba a yaye yaro a kan madarar kwakwa.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. Madarar kwakwa ba ta da haƙuri, a zafin Maris da Afrilu cikin 'yan awoyi take juyawa. Ki tace ta lokacin da za ki ɗora tukunya, kada ki tace da safe don girkin dare. Mai firiji, idan ba a ɗauke wuta ba, tana iya ajiye ta kwana biyu a rufe. Miyar da ta kwana a tafasa ta sosai kafin a ci, idan kuma ta yi tsami ko yauƙi ko kumfa, a zubar, kada a ba yara. Ɓarin da aka yanka ya wuni a ruwan roba a bakin titi ba na tatsa ba ne, ki sayi guda wadda ba a fasa ba, ki fasa da hannunki.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba.